Waƙar Renon da Adda Ta Hana Ni Ji

Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ba ta taɓa kama sunana ba. Ni ce 'yar farinta, kuma a gidanmu na Tudun Ƙofa, ko da yake Fulatanci ya fara zamewa daga bakin mutane, kunyar tana nan inda take. Uwa ba ta kiran ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta san yana wurin. In tana son tsintsiya ina tsaye a gabanta, sai ta dubi gefe ta ce, "A ce wa waccan ta miƙo tsintsiya," ko da babu kowa a tsakar gidan sai ni da kaji.

Ana yaye ni aka kai ni Nasarawa wurin kakata, wadda ta haife ta. Can na yi wayo, can na gama firamare. Na ji ƙannen mahaifiyata suna ce mata Adda, ni ma na kama. Da kakata ta rasu aka dawo da ni Keffi na shiga sakandare, sai na tarar da ƙannena suna ce mata Inna, suna hawa cinyarta, suna ja mata ɗankwali tana ture su tana dariya. Ni dai Adda na ci gaba da cewa, daga nesa, a durƙushe.

Ba zan ce ta ƙi ni ba, Allah Yana gani. Kwanona ba ya rasa tsokar nama a ɓoye ƙarƙashin tuwo. In na kwanta zazzaɓi ba ta shiga ɗakin, amma ƙafafunta ba sa barin bakin labule, ina ganinsu ta ƙasa, tana tambayar mai fitowa, "Ya mai jikin?" Sai dai abin da nake so a lokacin daban ne. Autarmu tana goye a bayanta sa'ad da na dawo, kuma akwai wata waƙa da take yi mata. Karin waƙar yana hawa a hankali kamar mai hawa tudu da tulu a kai, sai ya sauko gaba ɗaya. Kalmomin ba su da wani kai, kullum canzawa suke: yau kumatun yarinya, gobe fura da nono, jibi akuyar maƙwabta. Ina wanke-wanke na juya musu baya, hannuna cikin kumfa, kunnena yana wurinsu. Haka na haddace ta ba wanda ya koya mini. Kuma ban daina tambayar kaina ba, ko kafin a ɗauke ni an taɓa yi mini ita, ko sau ɗaya.

Aure ya kai ni unguwar Yara, a nan cikin Keffi. A nan muka yi maƙwabtaka da wata malamar jami'a, 'yar Eggon, Kirista, mai koyar da harsuna. Dakta kowa ke ce mata. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, gajera, ta kai a miƙa kwano. Da Kirsimeti takan aiko da kajinta maigidana ya yanka mata don mu ma mu iya ci, da Babbar Salla kuwa cinyar rago ba ta wuce ta. Hajiya take kirana tun ban san hanyar filin jirgi ba, wai tana yi mini fata.

Wata rana ina lallashin jaririna da waƙar nan, sai na ga kanta ya leƙo ta saman katanga.

"Hajiya, wannan waƙa daga ina? Kullum ina ji, tana hana ni duba takardun ɗalibai."

Na ce, "Ta Addarmu ce. Shirme ne kawai na reno."

"Shirmen nan nake nema," in ji ta. Ta zagayo ta ƙofa ko takalmi ba ta daidaita ba.

Ashe shekara da shekaru tana rubuta takardar neman tallafin bincike daga gwamnati ana mayar mata, sai a wannan karon aka amsa. Aikin shi ne ta bi tsofaffin mata na Keffi da ƙauyukan kewaye, Gwandara, Mada, Eggon, Fulani, Hausawa, ta ɗauki waƙoƙinsu na reno da na niƙa kafin su tafi da su. Ta ce tallafin kashi biyu ne. Na farko na yawo da ɗaukar murya. In ta kai rahoto aka gamsu, sai a saki na biyu, ta koma wurin matan ta ƙarasa, a rubuta komai, a ajiye inda jikokin jikoki za su same shi.

Maigidana yana zaune a tabarma yana gyara rediyonsa, bai ɗago ba ya ce, "Wato Dakta, gwamnati ta dubi ramukan hanyar nan tamu, ta dubi famfon da rabonsa da ruwa har mun manta, ta ce a'a, waƙar tsofaffi ce ta fi gaggawa?"

"Oga, ramin nan zai jira ka. Baɗi ma yana nan, har ya yi 'ya'ya. Tsohuwa fa?"

"To ni ma ina da waƙa. A sa ni a ciki."

"Muryar taka da ke korar kajina? Sai dai su ce in mayar musu da kayansu."

Muka yi dariya. Ni kuwa zuciyata tuni ta yi Tudun Ƙofa. Na ga kaina zaune kusa da Adda, tana waƙar nan ba goyo a bayanta, ba wanda ake yi wa sai na'ura, ni kuma ina gefe ina ɗibar rabona ba tare da kowa ya ce komai ba. Da Dakta ta ce ni zan raka ta, domin a wurinsu babbar 'ya ita ce bakin uwa, ban yi musu ba. Na yi zaton tsufa ya sassauta Adda. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, surukai duk sun kau, na ce wa kuma za a ji wa kunya?

Ranar da muka fara zuwa, Adda ta sa an share zaure har da yayyafa ruwa. Ta ɗaura zanenta na zuwa suna, ta dama fura da hannunta. Goggo, ƙanwar mahaifinmu da suke zaune tare tun mutuwar mijinta, ta kawo kujera 'yar tsugune ta kafa a bakin ƙofa don kada komai ya wuce ta. Dakta ta fito da rikoda, na'urar ɗaukar murya, 'yar baƙa, ba ta fi sabulun wanka ba, da tambarin hukuma manne a bayanta. Adda ta juya ta ta sake juyawa.

"Wannan ɗin ne na gwamnati?"

"Shi ne, Mama. Abin da kika faɗa a ciki, ajiye shi za a yi. Ko bayan ba mu, yana nan."

"Ikon Allah. Ita gwamnatin ta san da ni?"

"Yanzu dai za ta sani."

Na zauna a gefen tabarmar, kusa da ita yadda ban taɓa zama ba, har ina jin ƙamshin man kaɗanyar da take shafawa. Dakta ta danna, jar fitila ta kama. Adda ta gyara mayafi ta ce, "Ni ban iya waƙa ba, 'yar nan. Waƙa ai ta maroƙa ce." Daga nan ta kama zancen ciwon gwiwa, da yadda gero ya yi tsada, da wata mata da ta haifi tagwaye a layinsu. Dakta ta yi ta lallaɓawa, har ta ɗan rera mata farkon karin da ta ji a bakina. Adda ta ce, "Kai, muryarki da daɗi. Ƙara fura mana."

Zuwa na biyu ma haka. Muna fitowa Dakta ta jingina da motar da ta ɗauko haya ta ce, "Hajiya, lokacin da aka ba ni gajere ne, ga ƙauyuka suna jira. In mun sake zuwa ba ta yi ba, dole in wuce. Ki yi haƙuri."

Na kwana da maganar a raina. Na san abin da ke toshe bakin Adda, tun zuwan farko jikina ya ba ni, ina dai ta ƙin yarda. In na zauna, waƙar ba za ta fito ba, ta tafi da ita kabari. In na tashi, za ta fito, kowa ya ji ban da ni. Na yi sallar walaha na roƙi Allah Ya sanyaya mini.

A zuwa na uku, ana gama gaisawa, Goggo ta dube ni ta taɓe baki. "Ke kuma uwar 'yan zaman gaba, an kafa ki ne a nan? Tun shekaranjiya kin tsare mata fuska kamar mai karɓar haraji."

"Goggo, dama tashi zan yi. Na ga ba a ɗora sanwa ba."

"Yau kika san da sanwa? Allah Ya nuna mana."

Dakta ta buɗe baki za ta ce in zauna, na girgiza mata kai. Na shiga madafa na hura wuta. Itacen ɗanye ne, hayaƙi ya cika mini ido, na gode masa. Ban daɗe da ɗora shinkafa ba na ji karin ya tashi daga zaure, a hankali, muryar ta tsufa tana rawa amma ba ta ɓata hanya ba. Kalma ko ɗaya ba ta iso madafa ba, hawan da saukar kawai. Akwai taga a bayan zauren, taku kaɗan ne daga inda nake. Na dubi tagar. Na ce a raina, in Adda ta ga inuwata za ta yi shiru, kuma ba za ta sake ba. Na zauna a kan turmi na rungume gwiwoyina har shinkafa ta kusa kamawa.

Sun daɗe. Da Dakta ta fito idanunta sun yi ja, tana ta goge tabarau da gefen rigarta. A mota na kasa haƙuri.

"Dakta, kunna mini mana. Ko kaɗan."

Ta bari har muka wuce kasuwa. Sannan ta ce, "Ƙa'idar aikin nan, dole in tambayi kowace mata wa ta yarda ya ji muryarta. Na tambaye ta. Ta ce kowa ya ji, ɗalibai, gidan rediyo, har mutanen Abuja. Ban da ke. Ta ce ke sai bayan ranta."

"Ni kaɗai?"

"Ke kaɗai. Kuma na yi mata alkawari."

"Wa zai gaya mata? Daga ni sai ke."

"Hajiya, ke ce kike koya wa yaranki amana ta katanga ina ji. Yau ni za ki sa in ci?"

Na juya fuska wajen taga. Ta dafa hannuna ta ce, "Abu ɗaya zan iya gaya miki. Ba ta gama ba. Ta ce akwai saura, in dawo bayan kaka."

Wannan kalmar, saura, ita na riƙe. Dakta ta shiga ƙauyuka, wani lokaci sai mu yi mako ba mu ga fitilarta ba. Ta dawo ta rame, ta yi baƙi, ta rubuta rahotonta ta kai. Aka karɓi rikodar aka kulle a ofis, wai kayan hukuma ne, sai an saki kashi na biyu za a sake ba ta. Kaka ta zo, aka yi girbi, sabon gero ya shigo kasuwa. Kashi na biyu shiru. Ta je Abuja aka ce takardar tana teburin wani, ta koma aka ce wanin an canza masa wurin aiki, ta sake komawa aka ce a jira sabon kasafi. Har na san ƙarar ƙofarta in ta dawo ba labari, a hankali take rufe ta.

"Dakta, ya ake ciki?"

"Ana kan dubawa, Hajiya."

"Allah Ya sa su gani."

Maigidana ya daina tsokanarta. Wata rana ma shi ya ce, "Wai dole sai da wancan abin? Ga waya a hannun kowa."

Muka ga gaskiyarsa. Dakta ta tafi ita kaɗai da wayarta, ta dawo tana dariyar takaici. Adda ta ce faufau. Wai ta taɓa yi wa wata jikarta faɗa a kan tsefe kai, kafin magariba ta ji muryarta tana fitowa daga wayar matar ɗanta a wani gida ana ta ƙyaƙyatawa. "Wannan abin ba ya riƙe magana," in ji ta. "Yau yana hannunki, gobe yana hannun waccan. A kawo na gwamnati mai tambari, ina nan, ina za ni?"

Na riƙa zuwa gaishe ta fiye da da. Ina kai mata kunun gyaɗa, ta karɓa ta ce wa Goggo, "A ce an gode." Wani lokaci in na durƙusa ina gaisuwa sai in saci kallon bakinta, in ce a raina, a cikin nan abin yake, tsakanin haƙoran nan da suka rage. Ban taɓa tambaya ba. Da wane baki?

Da Dakta ta ga abin ya ƙi, ta roƙi wani abokin aikinta ya ara mata tasa rikodar, irin waccan sak, har ta nemo takarda mai tambari ta manna. Ta ce ranar Asabar za ta je. Ranar Alhamis da asuba Adda ta faɗi a wurin alwala. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Bayan an sallamo mu daga asibiti Dakta ta zo duba ta, rikodar tana cikin jaka ba ta yi niyyar fitarwa ba. Adda ce ta nuna jakar da ido. Aka ɗora mata a kan filo, ni na fita. Goggo ta ce ta yi ta motsa leɓe, iska kawai ke fita, har hawaye ya gangaro mata cikin kunne.

Ni na yi jinyarta. Ƙannena mata suna nesa, aure ya kai su wasu garuruwa, maigidana kuma ya ce in je in zauna. Ni ke yi mata wanka, ni ke juya ta, ni ke ba ta kunu da cokali. Duk sanda na ɗaga ta sai ta kau da fuska wajen bango, kunyar ba ta shanye tare da jikin ba. Amma hannunta na hagu, mai lafiyar, yakan kama gefen zanena in zan tashi. Ba ta ja, riƙewa kawai take. Sai in koma in zauna kamar dama ban yi niyyar tafiya ba, in ɗauki carbi. Ba mu taɓa daɗewa wuri ɗaya ni da ita kamar a watannin nan ba. Ta rasu farkon damina, ranar Juma'a, ana kiran salla. Allah Ya sa can ya fi mata nan.

Bayan sadakar arba'in na koma ɗakina. Da hantsi Dakta ta yi sallama, ba ta katanga ba, ta ƙofa, da mayafi a kanta. Ta zauna ta sake yi mini gaisuwa. Sannan ta kwance bakin hankicinta ta fito da ɗan memori, ƙanƙane kamar farce.

"Na kwafo miki daga kwamfutata. Alkawarin ya cika. Naki ne."

Na karɓa da hannu biyu. Ina da 'yar rediyo da nake sa karatun Alƙur'ani in ina aiki, tana cin irinsa. Amma na kasa. Na sa shi cikin kwanon tasa a saman kabad, kullum in na zo goge-goge sai in buɗe in duba in rufe. Abin da na yi shekaru ina nema ya zo hannuna, sai tsoro ya kama ni. In na kunna na ji akuyar maƙwabta ce kawai da kumatun auta fa? In dalilin hana ni bai wuce kunyar a ji tsohuwa tana waƙa ba fa? Muddin ban kunna ba, ina da abin da nake jira.

Wata safiya yara sun tafi makaranta, maigida ya fita, gari ya yi luf bayan ruwa. Na yi alwala, na rufe ƙofa, na zauna a ƙasa na sa rediyon a cinyata.

Tarin Goggo ne ya fara fitowa, sai zakara, sai Dakta tana faɗin rana da unguwa. Sai muryar Adda, kusa, kamar bakinta yana kunnena. Ban taɓa jin ta kusa haka ba. Ta yi waƙar yadda na san ta, da furar da nonon. Ta tsaya. Ta ce, "Wannan da kike ji, na yara ne. Ba shi ne na asali ba. Na asalin, ba goyo a bayana na yi shi."

"Yaya aka yi, Mama?" in ji Dakta.

"Zuwa aka yi aka ɗauke ta. Ranar kasuwa ce, za su bi motar Nasarawa. An ce uwa ba ta rakiya, ba ta kuka, abin kunya ne. Ina daka aka fita da ita, ban ɗaga kai ba. Ina jin kukanta har zaure, har waje, ina ta daka. Garin ya yi laushi tuni, ina ta daka."

Goggo ta ce daga nesa, "Har taɓarya ta tsage. Ni na sani, tawa ce."

"Ke dai yi mana shiru. To, kin ga a gidan nan ba inda mutum zai buɗe baki, ga uwar miji, ga facaloli. Sai rijiya. In na je jan ruwa sai in sunkuya kamar ina duba guga, in yi ta a ciki. Rijiya ba ta kai ƙara."

Ta gyara murya. Karin dai shi ne, wanda na haddace ina wanke-wanke, wanda na yi wa 'ya'yana duka. Kalmomin ne ban taɓa ji ba.

"Bayana ya yi sanyi,
wa ya ɗauke mini ɗumina?
Motar Nasarawa, bi a sannu,
mai barci ce, ba ta son rami.
In ta farka a ba ta ruwa,
kada a ce mata ina nake."

Ta maimaita, muryar ta karye a tsakiya, ta dawo ta kama. Na danne bakina da mayafi don kada kukana ya rufe mini wata kalma.

Dakta ta ce a hankali, "Mama, wa aka ɗauke?"

"Kin san ta mana. Ita ta kawo ki."

"Yaya sunanta? Don a rubuta."

Ina jin numfashinta. Na matse rediyon har hannuna ya yi zafi. Na ce ya Allah, ko sau ɗaya.

"Ki tambayi wannan, ta faɗa miki," in ji Adda. Sai ta yi 'yar dariya, irin wadda take yi wa ƙannena. "Sunan dai yana da kyau. Ni na zaɓa. Uban ya ɗauka shi ya raɗa, bai san ta bakin ƙanwarsa na aika ba."

"Da goro biyu ta saye ni," in ji Goggo.

"Akwai na ranar da ta dawo. Akwai na ranar da aka kai ta ɗaki. Waɗannan suna da tsawo, numfashina ba zai kai ba yau. Ki dawo bayan kaka, in na sha sabon gero."

Sai ƙarar dannawa. Rediyon ya wuce da kansa zuwa karatu.

Washegari na tafi Tudun Ƙofa na sami Goggo tana tsince wake. Na ce, "Goggo, sauran biyun fa? Kin san su?" Ta daɗe tana kallon faifan. Ta ce, "'Yar nan, wallahi gunji kawai nake ji daga bakin rijiya. Waccan ma ranar na fara jin kalmominta, tare da baƙuwar." Na tambayi ƙannen Adda a Nasarawa, ba wanda ya ma san tana da wata waƙa bayan ta yara.

Dakta har yau tana zuwa Abuja. An ce mata takardar ta motsa. Ta ce in an saki kashi na biyu za ta koma wurin waɗanda suka rage, domin ba Adda kaɗai ce ta ce mata ta dawo bayan kaka ba, kuma ba ita kaɗai aka kai makwanci ba. Ina sa ta a addu'a, ita da takardar tata, da duk wanda teburinsa take.

Ni kuwa abin da nake yi yanzu shi ne tono ranakun nan biyu, ko zan tsinci wani abu. Ranar kai ni ɗaki ba na tuna komai, kaina a lulluɓe yake, guɗa ta cika mini kunne. Amma ranar da na dawo daga Nasarawa tana nan a idona. Kawuna ya sauke ni a ƙofar gida da akwatina na ƙarfe, na shiga da sallama. Mata suka taso suna ga 'yar Nasarawa, ga 'yar Nasarawa. Na duba ban ga Adda a cikinsu ba. Tana can bakin rijiya ta ba ni baya, auta a goye, ta sunkuya har kanta ya shige ciki. Na je na tsaya a bayanta da akwatina a hannu, ina jira ta ɗago in gaishe ta. Ta daɗe ƙwarai. Ni a zatona guga ne ya maƙale.